Yaya, ga amsar tambayarki kan cutar da ba ta jin magani, asibitin Ingila da namu na gida

Assalamu alaikum Yaya, ƙaƙa gida ƙaƙa aiki, ya zafin Sakkwato, na san yanzu ko ƙarƙashin dogon yaro ba a samun iskar kirki. A gaishe min da Inna da kyau, da Baban yara da duk mutanen Mabera.

Na saurari saƙon muryar da kinka turo, maganar baiwar Allah nan da anka yi wa tiyatar haihuwa ɗinkin ya ƙi kamewa, an ba ta seftiriyazon an haɗa da jentamaisin an koma sifro amma har yanzu mugunya na fita, ga jariri a hannu ga miji ya saida awakinshi kaf wajen sayen allura. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Kinka ce in gaya miki tsakani da Allah mi Turawa ke da shi wanda mu ba mu da, ko akwai wani magani mai ƙarfi da zan sawo in aiko. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, gara in zauna in rubuta yadda za ki iya karanta wa yaran da ke aiki ƙarƙashinki in kin ga dama.

Batun aiko magani dai a bar shi. Nan ko ni da nake nas ba ni iya shiga kemis in ce a ba ni amoksisilin in biya in fita, kuma abin da ke cikin kabad ɗinmu na wod shi ne dai wanda kinka sani, amoksisilin, jentamaisin, Flagyl, Augmentin, babu wani na ɓoye. Manyan irin su merofenem da kolistin akwai su, amma ba a taɓa su sai likitan ƙwayoyin cuta ya yarda, kuma su ɗin ma akwai ƙwayoyin da ba su jin su. Inda sunka yi mana nisa shi ne wajen hana ƙwayar cuta ta tashi daga gado na 4 ta koma gado na 5, kuma mafi yawan kayan wanga aiki ƙananan kaya ne masu arha, illa iyaka ba a bari su ƙare, kuma akwai wanda za a tambaya da sunanshi in sun ƙare.

Ke kin san yadda abin yake amma saboda yara bari in faɗa. Ba jikin mutum ba ne ke sabawa da magani yadda mutanenmu ke cewa wai jinina bai karɓar Ampiclox, ƙwayar cutar ce ke canzawa. Awa mai feshin gona a fadama da ya tsinke magani da ruwa don shi ishe shi, ciyawa mai rauni ta mutu mai taurin kai ta tsira ta zubar da iri, baɗi ita za ta cika gonar kuma feshin bara bai yi mata komai. To asibiti shi ne wurin da anka fi zuba antibayotik, shi ne kuma wurin da masu rauni ke kwance kusa da kusa da ciwo a buɗe da roba a jijiya, don haka nan masu taurin kan ke taruwa, hannunmu kuma ke kai su daga wannan zuwa wancan. Shi kanshi Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi wanga gargaɗi tun 1945 lokacin da anka ba shi kyautar Nobel, cewa shan magani ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Binciken da mujallar Lancet ta fitar farkon 2022 ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 sunka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba su jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, kusan 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce cikin mutum 100 da anka kwantar, 7 ke ɗaukar wata sabuwar cuta a cikin asibiti a ƙasashe masu arziki, a irin namu 15. Duk lokacin da na ga 15 ɗin nan fuskokin mutane nake gani, don ni da ke mun san su.

Abu na farko da ya ɗauki hankalina da na fara aiki nan shi ne sanitaiza. Tana maƙale a ƙafar kowane gado, tana bakin ƙofar wod, tana jikin keken magani, wasu har ƙaramar kwalba suke ratayawa a ƙugu, ba ki yin taku uku ba ki kai hannu gare ta ba. Kowane ɗaki mai gado 4 ko 6 na da wurin wanke hannu nashi, famfon da gwiwar hannu ake buɗe shi ko shi kawo ruwa da kanshi in kin miƙa hannu, sabulun ruwa a bango, takardar goge hannu wadda ake yarwa, kwandon shara kuma da ƙafa ake taka shi. Sai na tuna wani asibiti da na yi aiki a gida, muna bin likita zagaye da kwano guda na ruwan Dettol da tawul guda rataye jikin keke, tun daga gadon farko har na ƙarshe kowa nan zai tsoma hannu nan zai goge, kafin azahar ruwan ya yi duhu tawul ɗin ya jiƙe sharkaf, kuma duk muna ganin tsabta muke. Famfon wod ɗin ya daɗe da ƙafewa, sai 'yan ga-ruwa sun kawo an zuba a duro. Ba laifin nas ba ne, wanda ke duba mutum 30 shi kaɗai da dare ga famfo can ƙarshen baranda ba zai iya zuwa wanke hannu tsakanin kowane gado ba ko shina so. Shi ya sa sanitaiza a bakin gado ta fi muhimmanci gare mu bisa ga su ma, daƙiƙa 20 zuwa 30 an gama, alhali wanki da sabulu na cin 40 zuwa 60. Sai dai in hannu ya ɓaci ana gani, ko mai zawo kinka taɓa, to dole sabulu da ruwa, don akwai wata ƙwaya mai sa zawo bayan an daɗe ana shan antibayotik, Si-dif ake ce mata, sanitaiza ba ta kashe ta.

Na san wasu a gida na ƙyamar ta wai da giya anka yi ta, mutum zai shafa kuma shi tashi salla. Asibitocin Makka da Madina ita ake amfani da ita, duk wanda ya taɓa kwanciya can lokacin aikin hajji ya gani.

Sai maganar sutura, wadda ita ce kinka fi yi min fargaba lokacin da zan taho. Tun wajen 2007 sunka kawo dokar cewa duk mai taɓa mara lafiya hannunshi shi zan tsirara daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ba agogo ba awarwaro ba farcen kanti ba jan farce, zobe guda kawai anka yarda shi ma mara dutse. Likitoci sun bar sa doguwar farar rigar nan da muke ganin ita ce likita, saboda bakin hannunta na shafar gado bayan gado kuma ba kullum ake wanke ta ba. Hijabina ba wanda ya taɓa yi min magana a kai, ƙarami nake sawa in tura cikin riga, kullum sabon wanki, kuma ga wadda ba ta son buɗe damtse akwai hannun riga na leda da ake sawa a yar bayan kowane mara lafiya. Amma abin da ya fi girgiza ni Yaya ba dokar ba ce. Wata safiya ana zagaye, babban likita mai furfura wanda kowa ke shakka ya miƙa hannu zai ɗaga bandejin wani tsoho, sai wata ɗaliba ƙarama wadda ko wata uku ba ta yi a wod ba ta ce mishi cikin ladabi likita agogonka, kuma ba ka shafa ba. Ni da ke gefe gabana ya faɗi. Mutumen ga ya kwance agogo ya jefa aljihu, ya matsa sanitaiza ya murza har tsakanin yatsu, ya ce mata na gode, aka ci gaba da aiki ba wanda ya sake tada zancen. A gida ɗalibar da ta yi haka kin san abin da za ta gani. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce kuma ba ni son mu rasa ta, amma ya kamata manya da bakinsu su ce wa yara na yarda ku tuna min, don in ba daga sama izinin ya fito ba yaro ba zai taɓa buɗe baki ba.

Wani abin da babu shi ko kaɗan a wuraren da na yi aiki a gida shi ne neman cutar tun kafin ta nuna kanta. Mutum na iya ɗauke da ƙwaya mai taurin kai a hanci ko a hanji shina yawonshi lafiya lau, sai ranar da anka yanka shi ko anka sa mishi roba ta samu ƙofa, ko ta bi hannun nas ta tafi ga maƙwabcinshi da ya fi shi rauni. To nan wanda za a yi wa babbar tiyata irin ta ƙashi ko zuciya sai an goga ɗan tsinke mai auduga a hancinshi da matsematsinshi an kai lab ana neman wata ƙwaya mai taurin kai da ake ce wa MRSA, in an samu a ba shi man shafawa cikin hanci da sabulun wanka na musamman kwana 5 kafin a taɓa shi. Kuma tambayar da ke cikin takardar karɓar kowa ita ce, an kwantar da kai a wani asibiti a ƙasar waje cikin wata 12 da sunka wuce? Akwai wani dattijo ɗan Najeriya da anka kawo mana da dare, ya je gida ganin dangi ciwon suga ya tashi anka kwantar da shi can, da ya dawo ƙafa ta rikice. Yana cewa e, kafin a kai ga komai an ware mishi ɗaki shi kaɗai da bayinshi a ciki, an manna takarda a ƙofa, an aje keken safar hannu da rigar leda a bakin ɗakin, abin awon jini da na zafin jiki nashi daban ba su fita, anka ɗauki gwaji ta dubura ana neman waɗanda ake ce wa CPE, wato ƙwayoyin hanji dangin Ikolai da Kilebsiyela da sunka fi ƙarfin merofenem. Dattijon ga ranshi ya ɓaci ƙwarai, ya ce don shi baƙi ne ake mishi haka. Na ja kujera na zauna na yi mishi bayani cewa Bature ma in ya kwanta asibiti a Girka ko Italiya ko Indiya ya dawo haka za a yi mishi, sannan ya sauko. Sakamako ya fito yana ɗauke da ita. Gadon da da za a ba shi a babban ɗaki, na kusa da shi wani ne mai ciwon daji da ake wa ƙarin jini, jikinshi ba ya da sauran garkuwa.

Shara da goge-goge kuwa aiki ne mai daraja nan, mai shara na da horo da takardar da yake sa hannu. Mofa da bokiti da tsumma launi huɗu ne, ja na bayi, shuɗi na cikin wod, kore na kicin, ruwan ɗorawa na ɗakin wanda anka keɓe, kuma ba a haɗa su ko da wasa. Fo na kwali ne, ana gamawa a jefa cikin inji shi niƙe shi ya bi ruwa, ba wanda ke tsayawa ɗauraye fo a kai wa wani. Labulen da ke tsakanin gadaje na yarwa ne da kwanan wata a jiki. In an sallami mutum sai an goge gadon tun daga ƙarfe har waya, a zuge zif ɗin katifa a leƙa ciki ko ruwa ya ratsa, in ta ɓaci ta tafi kenan, sannan a manna 'yar koriyar takarda mai kwanan wata da sunan wanda ya goge. Ki tuna katifunmu masu yagaggiyar leda da soso a waje, mai haihuwa ta tashi a juya a shimfiɗa zane wata ta hau. Ni a ganina da za a ba ni kuɗi kaɗan a ce in zaɓi abu guda a ɗakin haihuwa, ledar katifa zan fara saye kafin fenti.

Kanula, wato robar jijiya, da robar fitsari su ma ba a mantawa da su a jiki. Kowace da ranar da anka sa ta a rubuce, kowane diyuti sai an duba wurin ko ya yi ja ko ya kumbura, kuma kullum a zagaye ana tambaya har yanzu ana bukatar ta? In babu dalili a cire a ranar.

Yanzu ga inda bambancin kuɗi ya shigo, ba zan ɓoye miki ba. Nan in mutum ya zo da zazzaɓi mai zafi ana zargin cuta ta shiga jini, ana ɗibar jini da fitsari da mugunya a tura lab tukuna, nan take kuma a fara antibayotik ba a jira, amma a takardar dole likita shi rubuta dalilin ba da shi da ranar da za a sake dubawa. Cikin awa 48 zuwa 72 sakamako ya dawo a kwamfuta da sunan ƙwayar da jerin maganin da take ji da wanda ba ta ji, sai a tsaida maganin gaba ɗaya in ba a ga komai ba, ko a sauko daga mai faɗi zuwa wanda ya dace da ita kaɗai, ko a maida allura ta koma ƙwaya. Akwai famasis da ke bin wod gado gado da koren biro, ko ta bar saƙo a kwamfuta, tana tambaya wanga magani yau kwana nawa, mi ya sa bai tsaya ba. Duk wannan mara lafiya bai fidda ko sisi a lokacin, haraji ne da ake yanka mana a albashi kowane wata ke biya, kuma ana yanka da yawa. A gida kuwa likita ya rubuta gwaji ɗan'uwan mara lafiya ya duba aljihu, kuɗin ko dai gwaji ko dai allura, ba su isa duka biyu, ga kwana uku na jira, to wane likita ne zai ce a yi gwaji a bar allura? Shi ya sa seftiriyazon ta zama ta kowa, mai maleriya ita mai taifot ita wanda anka yi wa kaciya ita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta sa ta cikin rukunin da ake so a riƙa taka-tsantsan da su. Masana da ɗakin gwaji muna da su, ga asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo nan cikin gari, amma mai jinya daga Isa ko Tangaza ko Kebbe kafin shi iso ya riga ya sha kala uku a hanya.

Wajen asibiti ma haka. Nan takardar likita kowane magani guda fam 9.90 ne a Ingila, yara da masu ciki da wanda ya kai 60 ba su biya, kuma cikakken adadin kwanakin ake ba ka a kwali. Tun 2024 an yarda mai kemis mai digiri shi duba wasu ƙananan ciwuka guda 7 irin ciwon maƙogwaro da ciwon fitsarin mata shi ba da magani, amma sai ya zaunar da kai ya yi tambayoyi ya shigar a kwamfuta, sau da yawa ma shi ce ka je ka sha ruwa da farasitamol mura ce. Mu kuwa yaro za a aika da naira ɗari biyu a ce kafso biyu ja da yalo, ko mai tallan magani a faranti bisa kai cikin rana tsaka a tasha, amarya ta sha Ampiclox mai jego ta sha, mai kaji shi zuba tetarasaikilin a ruwansu, a Kara a yi wa sa allura yau gobe a yanka. A dokar Najeriya ma sai da takardar likita ake saida su, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da wagga matsala a 2017 ta sabunta a 2024, amma ba ni ganin laifin talakan da kemis ne kaɗai likitan da ke kusa da shi kuma abin da ke hannunshi bai sayen na kwana biyar.

Kada ki ɗauka nan aljanna ce. Su ma sun sha wuya kafin su kai haka, a nan Ingila anka fara ganin MRSA a 1961, a shekarar 2003 zuwa 2004 mutum kusan 7,700 ta shiga jininsu, jaridu sunka yi ta kwakwazo iyalai sunka yi ta ƙara, gwamnati kuma tun 2001 ta tilasta kowane asibiti shi riƙa bayyana adadinshi a fili, anka baza sanitaiza bakin gadaje daga 2004, cikin shekara 10 adadin ya sauko ƙasa da 1,000. Babu sabon maganin da ya yi wanga aiki, wanke hannu ne da gwaji da kula da robar jijiya da kuma ƙirge. Amma Ikolai da ke shiga jini har yanzu sama da 40,000 ne a shekara. Lokacin sanyi wod ke cika a rasa ɗakin keɓewa, na ga tsofaffi kwance bisa keken ɗaukar mara lafiya a baranda dare guda cur, ma'aikata ba su isa, ganin likitan unguwa sai ka kama waya tun ƙarfe 8 na safe kana layi, tiyata da sauran aikin da ake jira a yi wa mutane a Ingila sun haura miliyan 7. Safar hannu don tana banza wasu sai su sa guda su taɓa gado su taɓa waya su taɓa ƙofa, wanda ya fi hannu tsirara muni, har sai da anka koma ana yi mana wa'azin rage ta. Ledar da muke zubarwa a diyuti guda kuwa in kin gani sai ranki ya sosu.

Kuma akwai abin da muke da shi su ba su da, majinyata. Nan tsohuwa za ta yi sati ba wanda ya leƙo ta, mu za mu yi mata wanka mu ba ta abinci mu juya ta, wani lokacin har in fita in share hawaye. A gida kowane gado da mai zama kusa, ita ke ba da abinci ita ke kai fo ita ke wanke zane, ita ke fara ganin jiki ya yi zafi tun kafin nas ta zo. Hannunta ya fi na kowa taɓa mara lafiya, kuma ita ce ba wanda ya taɓa tsayawa ya koya wa komai, sai tsawa in ta shimfiɗa tabarma a hanya. Ga zumunci, ta gama da nata ta je ta taya ta gadon kusa ɗaga tata, a ci kwano guda a sha moɗa guda a ari buta. Ba ni son a kore su, asibitinmu ba zai yi kwana guda ba su ba. So nake duk safiya a tara su minti biyar a baranda a nuna musu da Hausa, kafin ki ba ta abinci ki wanke, bayan kin kai fo ki wanke da sabulu, kada ki taɓa bandeji ko bakin robar ƙarin ruwa, in kin taimaki ta kusa ki wanke kafin ki dawo ga taki. Mutanen da ke alwala sau biyar a yini ba za a sha wuyar koya musu wannan ba. 'Yan dubiya kuma a rage su a ɗakin jarirai da na waɗanda anka yi wa tiyata, a faɗa musu dalili da mutunci, za su ji.

Sanitaiza ba sai an sayo ta kanti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda famasin asibiti zai haɗa da kanshi, kuma asibitoci da yawa a Afirka na yi. In lita 10 ake so, itanol mai ƙarfin kashi 96 mililita 8,333, haidirojin ferokzaid mai kashi 3 mililita 417, gilisarin mai kashi 98 mililita 145, a cike da tafasasshen ruwan da ya huce har lita 10, a zuba a ƙananan kwalabe masu tsabta a bar su awa 72 kafin a fara amfani, a aje nesa da wuta da zafin rana. Ruwan goge gado da teburi kuma in Jik ce mai kashi 3.5 a jikin kwalba, awo 1 a ruwa awo 34, in jini ya zuba awo 1 a ruwa awo 6, kuma kullum safe a haɗa sabo don na jiya ya riga ya sane, ballantana a zafinmu. Bokitai masu famfo da anka rarraba lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020 na san wasu na nan jibge a sito, a fiddo su a sa guda a ƙofar kowane ɗaki a ɗora wa mutum guda alhakin cika su kowane diyuti, sunanshi a allo. Ɗakin keɓewa in babu, masu ciwon da ke zubar da mugunya a haɗa su a kusurwa guda kusa da taga da kayan wankin ciwonsu daban, kuma su za a yi wa wanki daga ƙarshe.

Sannan ki samu littafi guda Yaya, irin na 'yan makaranta ma ya isa. Duk wadda anka yi wa tiyatar haihuwa a rubuta ranar, da ɗakin tiyatar, da ko ɗinkinta ya yi ruwa kafin sallama ko ta dawo da shi cikin kwana 30. Ƙarshen wata ki ƙirga. In kin shiga ofis kina cewa ciwuka na ruɓewa za a ce miki Allah shi kyauta, amma in kin aje littafi kin ce cikin kaza kaza ne sunka ruɓe wanga wata kuma yawancinsu ranar da ba wuta anka dafa kayan aikinsu, dole a saurare ki.

Ita kuma baiwar Allah nan, don Allah ki roƙi likitanta kafin a sake canza wani magani a ɗebi mugunyar daga can cikin ciwon a kai gwaji, a kuma duba ko ta taru a ciki tana bukatar a buɗe a fidda, don in ta taru ba allurar da za ta kai gare ta. A matsar da gadonta nesa da sababbin tiyata, a duba jininta da suga, a samu ta riƙa cin ƙwai da wake da ɗan nama. Kuɗin gwajin ni zan biya, ki turo min lambar asusun da zan sa yau ɗin nan, kada a gaya wa mijin daga ina ya fito. Ki kuma tambayo min nawa ake saida jarkar itanol da gilisarin a gari, mu nan 'yan Sakkwato da Kabi da Zamfara da ke aikin asibiti muna da ɗan asusun da muke tarawa duk wata, ina so in kai musu maganar ranar Lahadi da farashi a hannuna.